Ƙafar da Malam Ya Ɗora

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya kai ni Ya kuma dawo da ni. Tun da na dawo daga Damagaram ɗakina bai rabu da 'yan dubiya ba, kuma duk wadda ta zauna tambayarta ɗaya ce: "Hajiya Rabi, wai da gaske ne an yanka ki ba ki ji zafi ba?" Na ba da labarin har muryata ta dishe. Shi ya sa na ce da 'yata Hindatu, tunda ita malamar makaranta ce ni kuwa ban iya riƙe alƙalami ba, ta zauna ta rubuta sau ɗaya kowa ya huta. Na ce ta sa har abin da ban gaya wa 'yan dubiya ba. In kuka ya zo mini ta jira ni, kada ta cike wurin da maganarta.

Mai gidana, Malam, Allah Ya jiƙansa, ɗori ne sana'arsa. Gado ya yi wurin mahaifinsa. Zaurenmu da ke cikin garin Daura ba ya rabuwa da masu karaya, daga Mashi, daga Zango, har daga ƙetaren iyaka. A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu na hau soro shanyar kuɓewa, tsani ya zame da ni, idon sawuna na hagu ya karye. Malam da kansa ya ja shi, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi, ya yi mini gashi safe da yamma. Da aka kwance na taka, a ranar na san ƙafar ba ta zauna daidai ba. Ta ɗan karkace, da gefenta nake takawa, kuma kowane taku sai na ji kamar tsinke a cikin gaɓar. Ya tambaye ni, "Yaya kika ji?" Almajiran sana'arsa na tsaye a bakin ƙofa. Na ce, "Garau."

Shekara goma sha shida ina kan wannan kalmar. In an ga ina ɗingishi sai in ce sanyi ne. Yaya za a yi a ji cewa matar mai ɗori, a cikin gidansa, ɗorinta bai yi ba? Ina iya ɗauka, don ciwon bai hana ni girki ko zuwa biki ba. Sai bayan rasuwarsa abin ya tsananta. Na fita takaba da 'yan watanni, har zuwa bayi sai na dafa bango. Na ɗauka baƙin ciki ne ya sauka ƙafa.

Ɗana Sabi'u, mai fataucin hatsi, ya ce Kano za a kai ni ko Katsina. Na ƙi. Can duk an san sunan Malam, kuma na san abin da likitoci ke faɗa a kan masu ɗorin gargajiya. Da ya kawo labarin wani asibiti a Damagaram inda likitocin ƙashi ke aiki, sai na ce to, can. A raina na ce wata ƙasa ce, ba wanda ya san shi.

Abin da ban shirya masa ba shi ne 'yar rakiya. Hajiya Asabe, ƙanwar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, ta ɗaure kayanta ta zo ta zauna a tsakar gida. Tun ina amarya muke wasa da ita, bakinta kuwa bai tsufa ba.

"Matar Yaya, ke da ko rijiyar Kusugu ba ki iya zuwa sai an nuna miki hanya, ke ce za ki ƙasar Faransanci ke kaɗai? Sai su sayar da ke a kasuwar raƙuma."

"Wa zai saye ni da gurguwar ƙafa?"

"Shi ya sa zan bi ki, in yi musu ragi."

Na yi dariya, amma ba haka na so ba. Duk duniya ba wadda nake ɓoye wa kamar ita. Asabe in ana maganar ɗorin gidansu har tsayi take ƙarawa.

Mun tashi da hantsi a motar Sabi'u, muka bi ta ƙasar Mai'aduwa har Kwangwalam. A ɓangarenmu ba a tsayar da mu da yawa ba. Da muka tsallaka, wani jandarma, irin jami'an tsaronsu, mai furfura a gemu ya ce a buɗe jakunkuna. A jakar Asabe ya ci karo da daddawa, da kuka, da barkono, kamar wadda za ta ƙasar da ba a miya. Can ƙasa ya zaro wata 'yar kwalba ya buɗe ya sansana. Sai ya tsaya.

"Hajiya, wannan ai man gidan mai ɗorin Daura ne."

Ban san ta ɗauko shi ba. Man shanu ne da Malam ke dafawa da saiwoyi, ƙamshinsa ba ya ɓuya. Jandarman ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mana damtsensa, ya ce yana saurayi doki ya kayar da shi, a zaurenmu ya yi wata guda. Da ya ji Malam ya rasu, ya cire hularsa ta aiki ya ɗaga hannu ya yi addu'a nan a bakin hanya, motoci na jira a bayanmu. Ni da na gudo inda ba a san shi ba, ga shi ya riga ni isowa. Sannan ya dubi sandata ya ce, "To me ya kawo matar mai ɗori wurinmu da ƙafa?"

Kafin in buɗe baki Asabe ta ce, "Sanyi ne. Sanyin ƙashi. Ka san tsufa." Na ji daɗi a raina, na ce ashe har yanzu ba ta san komai ba.

A Matamaye muka tsaya cin abinci. Nan na fara ganin burodinsu, dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri. Asabe ta gatsa, haƙorinta na gaba da ke girgiɗi ya ƙara girgiza, ta ce wannan ba a ci sai dai a kori akuya da shi. Mai shayin ya nuna mana a tsoma shi ake yi. Da muka shiga Damagaram da la'asar, abin da ya fi ɗaure mini kai mata ne a kan babur, su ke tuƙawa da kansu, da hijabinsu, wata har da goyo. Mu da a gida ake ta muhawara a kan ko ya dace ɗan acaɓa ya ɗauki mace. Asabe ta leƙa ta taga ta ce in na warke sai Sabi'u ya saya mini, in riƙa kai ta unguwa.

Masaukinmu gidan wata Babarbariya ne, Hajiya Fanna, bayan asibitin kaɗan. Ɗakuna ta jera don masu jinya, kowa da murhunsa a tsakar gida. Hausarsu tamu ce, sai dai su asibitin suke kira likita, likitan kuma lokotoro. Furarsu ta fi tamu, wannan ko a gaban mutanen Daura zan faɗa, har dabino da cuku suke dakawa a ciki. Miyarsu kuwa Asabe ta ce kamar an wanke tukunya. Kwana biyu da zuwanmu rabin gidan na cin daddawarta. Sabi'u ya damƙa mu hannun Hajiya Fanna ya koma kan kasuwancinsa.

Ranar ganin likita aka ɗauki hoton ƙashin. Da aka kira sunana na ce wa Asabe ƙishirwa nake ji, ta je waje ta samo mini ruwa. Daga ranar haka na riƙa yi: duk lokacin da likita zai yi magana, sai in aike ta. Ku riƙe wannan, don shi ya jawo abin da ya faru.

Likitan ƙashin dattijo ne, dogo, ba ya gaggawa. Ya ɗaga hoton ya nuna mini inda ƙashin ya haɗe a karkace, gaɓar ta cinye. Ya ce sai an sake gyara zamansa an riƙe shi da ƙarfe da kusoshi. Ya ce, "Wa ya yi ɗorin?"

Na ce, "Wani ne can garinmu."

Hindatu, dakata. Shekara arba'in da ɗoriya ina gidan mutumin nan, na kira shi wani.

Sai likitan ya sunkuya ya ɗauki takalmina na hagu da na cire. Tsohon takalmin fata ne, irin wanda Malam ke kawo mini kowace Sallah daga wurin badukunsa. Duk da ya tsufa ya lotse, shi kaɗai nake iya takawa da shi, na kasuwa da yara suka saya mini sun gagare ni. Ya juya shi, ya latsa gefensa da babban yatsa, ya daɗe yana kallo. Ya dube ni kamar zai yi magana, sai ya ajiye. Na ce a raina kowace ƙasa da al'adarta, su nan har takalmi suke dubawa.

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya. Ranar aikin wata likita mace ta zo, sunanta Zalika, ita ce mai kashe zafi. Ta ce aikin ƙafa yana da raɗaɗi ƙwarai a kwanakin farko, don haka za ta sa mini wata siririyar roba a bayan gwiwa, kusa da jijiyar da ke kai saƙon zafi daga ƙafa. Ta sa na kwanta rub da ciki. Ta shafa wani abu mai sanyi, ta ɗora irin na'urar nan da ake duba masu juna biyu, tana kallon allo tana neman jijiyar. Na ce, "'Yar nan, in ɗa kike nema kin yi ƙasa da yawa." Ta yi dariya har sai da ta dakata. Na ji tsinin allura sau ɗaya. Ta zura robar, ba ta fi zaren saƙa kauri ba, ta manne ta da filasta har cinya. Ɗaya bakin robar ya shiga wata ƙwallo mai kamar lemun zaƙi, cike da magani. Ta ce ƙwallon da kanta za ta riƙa matso maganin kaɗan-kaɗan, dare da rana, har ta motse.

Sannan ta kafa mini sharuɗɗa. Kada in taka ƙafar. Kada robar ta jiƙe ko a ja ta. In na ji leɓena ya yi nauyi, ko kunnena na ƙara, ko ɗanɗanon ƙarfe a baki, a kira ta nan take. Ta riƙe hannuna ta ce, "Inna, babba a ciki: kada wani abu mai zafi ya kusanci ƙafar nan. Ko wuta aka ɗora mata ba za ta gaya miki ba. Ina mai jinyarki, in faɗa mata?" Na ce ba ta kusa, zan gaya mata da kaina. Ban gaya mata ba. Ina tsoron tambaya ta jawo tambaya.

Suka sa ni barci. Da na farka, abu na farko da na yi shi ne neman ciwona. Shekara goma sha shida kullum da shi nake buɗe ido. Na nema na rasa. Daga gwiwa zuwa ƙasa shiru, kamar an jingina mini icce. Na ɗaga kai a firgice.

"Tana nan, matar Yaya," in ji Asabe. "Na ƙirga yatsun, biyar ne. Ba su rage ko ɗaya na miya ba."

Sai na fashe da kuka. Ma'aikatan suka rugo suna tambaya ina ke ciwo, na ce ba ko'ina. Ban iya gaya musu ba cewa wannan ciwon shi ne abu na ƙarshe da hannun Malam ya bari a jikina, ga shi na zo wata ƙasa an cire.

Washegari suka sallame mu zuwa masauki, ƙafa cikin filasta da bandeji, yatsu kaɗai a waje, ƙwallon kuma a 'yar jaka rataye a wuyana. Asabe ta raɗa mata suna jaririyar Hajiya. Duk wanda ya shigo sai ta ce, "Ku yi mata barka, ta sauka lafiya, ran Laraba suna." Alwala ba ta ba ni wuya ba, shafa nake yi a kan bandejin, yadda na sha jin Malam na koya wa masu karaya.

A rana ta biyu bayan azahar barci ya ɗauke ni. Cikin barcin na ji ƙamshin man Malam. Na ƙi buɗe ido. Na ga zaurenmu, na ji tarinsa, na ji yana cewa a miƙo tsumma. Na san Asabe ce ke shafa mini, na ce bari in ƙara ɗan lokaci a wurinsa. Sai na ji tana magana ita kaɗai: "Ikon Allah, ko motsi. Ruwan nan bai yi zafi ba ke nan." Na ji ƙarar buta ana tsiyayawa.

Na buɗe ido na ga tururi. Gashi take yi mini. Ta ga yatsun sun kumbura sun yi sanyi, ta yi abin da aka yi a gidansu tun kakanni. Shi kuwa gashi, ma'auninsa mai ciwo ne: in ya zabura ya ce wayyo, an san zafi ya kai, sai a sassauta. Ni ban zabura ba, ita kuma ta yi ta ƙara tafasasshe.

Na ce, "Asabe, tsaya!" Ta ɗaga tsumman. Yatsu uku sun yi jawur, fatar ta tashi ta ɗuri ruwa. Ina kallonsu kamar yatsun wata. Asabe ta zauna daɓas a ƙasa, ta ɗora hannu a ka. 

Ta ce, "Innalillahi. Sau biyu ke nan gidanmu na cutar ƙafar nan."

Na ce, "Me kika ce?"

Sai hawaye ya zubo mata. Na ce, "Asabe, sau biyu da yaushe?"

"Yaya Rabi, kin ɗauka makafi ne mu? Tun ranar da aka kwance miki kara ya sani. Ya zo ɗakina a ranar, ya zauna bai ko cire takalmi ba, ya ce, 'Asabe, na gyara ƙafafun mutanen duniya, na ɓata ta Rabi.' Ya so ya kai ki asibiti. Sau nawa yana ɗauko zancen kina cewa sanyi ne, garau kike?"

Gaskiya ne. Ya sha cewa, "Ko mu je a duba sanyin nan?" ni kuwa in ce Allah Ya kiyaye.

"Ya ce tunda kin zaɓi ki rufa masa asiri, ba zai kunyata ƙoƙarinki ba. Sai ya tafi wurin baduku. Ke kin taɓa ganin namijin da ke saya wa matarsa takalmi Sallah ƙarama da babba, shekara goma sha shida, bai taɓa aiken kowa ba? Tsayawa yake a kan badukun. Ya sa ni na rantse ba zan faɗa ba. Ga shi na faɗa, Allah Ya yafe mini."

Na ce Hajiya Fanna ta aika a kira Likita Zalika, ta kuma ara mini wuƙa. Kafin likitar ta iso na farke ɗinkin takalmin. Tsakanin fatar sama da ta ƙasa, ta gefen waje inda nake takawa, ga wasu 'yan fatu uku an jera, an fefe bakinsu ya yi siriri yadda ƙafa ba za ta ji tudu ba. Ni duk zamanin nan na ɗauka karkataccen takuna ne ya cinye ɗaya gefen. Ashe ba baƙin ciki ne ya sauka ƙafata ba. Sallah biyu ce ta wuce ba wanda ya kawo sabo.

Likita Zalika ta zo ta wanke ƙunar ta sa magani. Ta ce Allah Ya taimaka ba ta yi zurfi ba, kuma ba ta kai wurin ɗinki ba. Ta juya za ta yi wa Asabe faɗa, na ce ni za ta yi wa, ni na ɓoye sharaɗin. Ta kuwa yi mini, ba ta rage ba, yarinyar da na haifi wadda ta girme ta. Asabe ta share ido ta ce, "Ƙara mata, lokotoro, ni shekara arba'in ina fama."

A rana ta huɗu ƙwallon ta motse kamar busasshen lemo. Aka ba ni ƙwayoyi na sha tukuna, sannan Likita Zalika ta ɓare filastar ta zare robar, kamar an zare zare daga bakin zane. Wajen la'asar ƙafar ta fara dawowa: tsikari, sannan ɗumi, sannan zafi sosai, na aikin da na ƙunar gaba ɗaya. Na yi ta salati. Amma wani ciwo ne daban, ba wancan ba. Wancan ya tafi ke nan.

Da likitan ƙashi ya zo dubawa, Asabe na zaune, ban aike ta ko'ina ba. Na miƙa masa takalmin a farke na ce, "Likita, ranar nan na ce maka wani ne ya yi ɗorin. Mijina ne. Wannan ma shi ne ya sa baduku ya yi." Ya juya fatun a tafin hannunsa. Ya ce karaya irin tawa, da ta ratsa cikin gaɓa, kara ba ya riƙe ta, sai ƙarfe, kuma da an zo da wuri da ban sha wannan wahalar ba. Ya ce amma wanda ya jera fatun nan ya san karkatar ƙashin kamar ya ga hoton. Sannan ya ce kada in sake sa shi, don yanzu ƙafar ta miƙe, shi zai karkatar da ni.

Mun yi sati shida kafin Sabi'u ya zo ɗaukarmu. A iyaka muka sake samun jandarman nan. Ya leƙo ya ce, "Hajiya, yaya sanyi?" Na ce, "Ba sanyi ba ne, ɗana. Karaya ce. Malam ya ɗora ba ta zauna ba, sai ya bi ta wata hanya ya riƙe ni a kanta har ya koma ga Allah." Ya ce Allah Ya jiƙansa. Asabe ta ce amin da ƙarfi, ta miƙa masa sauran man.

Yanzu ina takawa da sanduna biyu, an ce nan gaba zan yar da ɗaya. Yatsun sun warke, sai tabo. Masu zuwa dubiya, ku daina tsoron robar nan, alheri ce, amma in an sa wa naku ku ɓoye butar ruwan zafi, kuma duk abin da likita ya faɗa a faɗe shi gaban mai jinya.

Kuna ta tambayar tsarabar Damagaram. Kilishin ya ƙare tun satin farko. Wadda ta rage tana cikin kwallar da ke kan gadona, nannaɗe a ɗankwali, kuma daga nan Daura na tafi da ita a ƙafata. Duk wadda ta zo zan buɗe mata ta gani, ta yi wa Malam addu'a. Hindatu, ajiye alƙalamin haka nan, miƙo mini kwallar.